Na Je Sabha Na Koyo Sunan 'Yata

Tun da na dawo daga Libiya matan unguwarmu suka hana ni sakat. Wadda ta zo barka da sauka sai ta miƙe ƙafa ta ce in ba ta labari, ina kai ƙarshe wata ta yi sallama in koma farko. Hajiya Zinaru kuwa, aminiyata tun muna 'yan mata, ta sha jin sa, amma kullum sai ta ce na ɓoye wani abu. Ban ɓoye ba, bakina ne ya gaji. Shi ya sa na ɗauko alƙalami, tun da dai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, na yi har na ajiye aiki. Mai iyawa ta karanta, wadda ba ta iya ba ta sa jikanta.

Ga waɗanda ba su sani ba, mijina na fari mutumin Fezzan ne, can kudancin Libiya, dabino yake kawowa nan Damagaram. Allah Ya ba mu 'ya ɗaya, sannan Ya karɓi abinSa tun ba ta shiga lakwal ba. Yayarsa Hajja Mabruka, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ta biyo hamada ta zo ta roƙi riƙon yarinyar. Na ba ta. Jininsu ce, kuma 'yar fari dama ba ta zaman gaban uwa ba ce a wurinmu. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, kamar yadda uwata ta yi wa yayanmu. Ranar da motar ta tashi da ita ma ban raka su tasha ba, ina tsakar gida ina tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa ko ɗaya.

Yarinyar ta girma a Sabha, ta yi karatun likita. In ta kira waya sai in tambaye ta lafiyar Hajja, da zafin gari, da ko dabino ya nuna, in ce a gai da kowa. Bana da damina ta ja baya ta kira, muryarta ba yadda na saba ji ba. Ta ce tana neman shiga horon ƙwarewa a kan haihuwa, za ta zauna gaban manyan likitoci su yi mata tambayoyi kafin su ɗauke ta, abin da suke kira muƙabala. Ta ce akwai tambaya ɗaya da ba za ta iya amsawa ba sai ta gan ni, ita ce inda za ta yi aiki in ta gama. Na gane abin da take nufi, ko Sabha ko gida. Na san kuma wanda zuciyata ke so, don babu ranar da ban so ta dawo ba. Amma sai na ce mata to, zan duba.

Ɗana Mamman ya ce hanyar ba ta tsofaffi ba ce. Na ce masa tsohuwa ce ta bi ta ta zo ta ɗauki yayarsa, ni ma ƙafafu biyu gare ni. Na ɗaure kuka da kuɓewa busasshiya da kilishi da daddawa cikin roba mai murfi, na hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Agadas.

A Agadas ne tafiya ta zama tafiya. Motocin ƙanana ne masu buɗaɗɗen baya, an kakkafa sanduna a gefe, samari na zaune ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandarsa da jarkar ruwa da aka ɗinke da buhu. Direbanmu Adamu, Batube ne mai tsadar magana, ya dube ni sau ɗaya ya nuna mini gaba. Can na tarar da abokin zama, Malam Tasi'u, Bakano mai gyaran famfo a Sabha, wanda ya cika kujera da rabi. Da ya ji ni Badamagariya ce sai ya ce shi ke nan, Allah Ya ba shi baiwar da za ta riƙe masa buta. Na ce kakanninsa ma da suka hango namu ƙofa suka rufe. Haka muka yi ta yi har Libiya, kuma ba don shi ba da tunani ya cinye ni. Kowace magana sai ya sa mata Turancin Ingila, ni in rama da na Faransa, Adamu kuwa tuƙinsa kawai yake yi.

Hamada ba ni da abin faɗa a kanta, rairayi ne, gobe ma rairayi. Da rana ƙarfen mota ba ya taɓuwa, da asuba sai ka nemi bargo. Abinci garin rogo ne da sukari, sai taliyar da Adamu ke dafawa da tumatirin gwangwani, kowa ya sa hannu. A Dirku muka kwana a rumfar wata mata 'yar Tawa mai tuwon shinkafa, wadda ta ce ta fito ne za ta Libiya, mota ta lalace a nan, ta ce bari ta ɗan sayar da abinci kafin a gyara, yanzu har ta aurar da 'ya a garin. Bayan Dirku motarmu ta kafe. Aka ce kowa ya sauka, ni kuma da karambani na shiga cikin masu turi, rairayi ya haɗiye mini takalmi ɗaya. Muka tona har muka gaji. Malam Tasi'u ya ciro silifas ɗinsa na wanka ya ba ni, kowane ɗaya ya isa in zauna a ciki, ya ce in riƙe amana don kayan Kano ne.

A iyaka, wajen Tummo, na fara jin kalmar bawwaba, wato shingen masu bindiga, kuma daga nan har Sabha ba su ƙarewa. Wani saurayin soja ya ga robata a ɗaure tam, ya ce in buɗe. Na ce masa da Hausa ba zai ji daɗi ba. Ya fizge murfin da kansa ya kai hanci, sai ga shi ya yi baya yana tari, abokansa suka taso. Malam Tasi'u ya yi ta rantsuwa da Larabcinsa na kasuwa cewa kayan miya ne, har ya gutsiri daddawar ya tauna a gabansu, hawaye na zubo masa. Da ƙura ta lafa sojan ya tambayi abin da zai kai ni Sabha. Ban san lokacin da na ɗaga kai na ce 'yata daktora ce a babban asibiti ba. Nan take ya koma kira na Hajja, ya kawo mini burodi da ruwan sanyi. Muna tafiya ina mamakin kaina, abin da ban taɓa nuna wa yarinyar ba ga shi na yi wa baƙon soja alfahari da shi.

Mun wuce Gatrun muka shiga Sabha da hantsi. Malam Tasi'u ya raka ni har ƙofar gidan Hajja Mabruka, ya ce silifas ya bar mini sadaka. Ƙofa na buɗewa sai ga doguwar mace ta fito da gudu, fuskar ubanta sak, ta faɗa jikina tana sumbatar kumatuna da goshina da hannuna, tana kuka tana cewa yumma, yumma, wato inna. Ni kuwa na sandare kamar taɓarya. Maƙwabta sun firfito, ga Malam Tasi'u tsaye. Na kau da kai na ce mata sannu, na zare jikina na nufi Hajja na rungume ta, na yi ta gaishe ta. Da wutsiyar ido na ga yarinyar ta sunkuya ta ɗauki kayana, ta daɗe tana kallon silifas ɗin ƙafata don kada a ga fuskarta.

Mutanen Sabha akwai karamci, amma al'adunsu sai da na yi da gaske. Bazin, abincin da suke ji da shi, tuwon sha'ir ne mai tauri, a kafa shi tsakiyar akushi a kewaye da miya da dankali da dafaffen ƙwai, sai ka murza da yatsu kafin ya yarda ya bi maƙogwaro. Shayi kuwa sai an yi ta zuba shi daga sama har ya yi kumfa, na ƙarshe a watsa masa soyayyar gyaɗa a ciki, ka sha ka tauna. Maza ke zuwa cefane. Uwa ta sumbaci ƙaton ɗanta mai gemu a gaban baƙi, ba wanda zai ɗaga kai. Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne sunan da suka raɗa mini. Duk matar da ta shigo sai ta ce ina Ummu Halima, a zo a ga Ummu Halima. Sunan da na yi shekaru ina kewaye shi, shi suka liƙa mini a goshi, kuma girmamawa ce a wurinsu. In an kira sai in yi kamar ban ji ba, har suka fara tambayar Hajja ko kunnena na da lafiya.

Hajja Mabruka ta tsufa, ciwon sukari ya rage mata gani. Tana jin Hausa irin ta da, wadda ta koya wurin kakarta. Ita da yarinyar kullum suna manne, ta yi mata allura, ta yanke mata farce, su yi faɗa su shirya. Ba zan yi ƙarya ba, na ji kishi. Ni da yarinyar kuwa sai gaisuwa. In ta zauna kusa da ni sai in tuna ban ba Hajja labarin wance ba. Muƙabala na matsowa, tana ta bitar amsoshinta da Larabci tana kai da kawo a tsakar gida, amma maganar da ta sa na keto hamada ba wanda ya taɓo ta.

Wata safiya ta ce in bi ta asibiti a auna mini jini. Muna baranda sai muka ji nishi. Wata yarinya ce 'yar wajen Kance, nan kusa da Damagaram, matar wani lebura mai aikin gini, naƙuda ta kama ta, ta ƙanƙame ƙarfen benci ta ƙi shiga. Ba ta jin Larabci, ba ta da takardu, wani ya gaya mata in ta shiga shurɗa za a kira mata, wato 'yan sanda. Ma'aikatan jinya na ta yi mata magana, ita kuwa sai ƙara ƙanƙamewa take. Yarinyar tawa ta miƙa mini jakarta, ta durƙusa a ƙasa da farar rigarta. Hausarta ta yara ce, a nan ta tsaya tun ranar da ta bar Damagaram, amma ta isa. Ta ce mata ba mai kiran kowa, ita ma 'yar Damagaram ce. Sannan ta sa tafin hannu tana shafa mata baya daga wuya zuwa ƙugu, tana cewa a hankali: "Ya wuce. Ya wuce. Ina nan."

Na samu benci na zauna. Haka nake yi mata in zazzaɓi ya kama ta tana ƙarama, a cikin ɗaki, in na tabbata ba mai ganinmu. Na ɗauka ta manta. Yarinyar Kance ta saki bencin ta kama wuyanta, suka shiga tare. Ni da aka kawo awon jini, ranar ba a auna ni ba, kuma gara da ba a auna ba.

Ranar Juma'a muka tafi Zigan, ƙauyensu Hajja, inda suke da gonar dabino. Lokacin yanka ne, 'yan ƙasarmu ne ma a saman itatuwan suna ta zolayar juna da Hausa. Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a inuwa, Hajja ta ɗora shayi. Sai yarinyar ta ce tana son a gwada ta, ni in zama mudira, shugabar masu tambaya, tun da na saba tsare ɗalibai. Na ce wannan kam aikina ne. Ta cire wa Hajja tabarau ta sa mini, ta kife kwandon dabino ya zama tebur, ta koma baya ta yi sallama ta shigo ta zauna a gabana, hannaye a cinya.

Na yi gyaran murya na ce, "Ke, me ya sa kike son aikin haihuwa?"

Ta girgiza kai. Ta ce ba a cewa ke, da suna suke farawa, in ba haka ba gwajin bai yi ba. Na dubi Hajja neman ceto, ita kuwa tana ta zuba shayinta daga sama. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Rabi, ba ke ba ce. Mudira ce. Mudira ba ta haifi kowa ba."

Ta cikin tabaran Hajja komai ya yi dishi-dishi, ban ga fuskar yarinyar sosai ba, wannan ne ya taimake ni. Na ce, "Daktora Halima."

Ta amsa da na'am. Na yi mata tambayar farko ta amsa tsaf, ta biyu ma haka. Sannan na yi wadda ta kawo ni. Na ce in an ɗauke ta ta gama horon, ina za ta yi aiki, me take son ta zama nan gaba.

Ta ce abokanta duk sun haddace amsa, kowa zai ce zai zauna ya yi wa kudu hidima, ko da jakarsa na ɗaure. Ita ba ta son ta yi ƙarya. Ta ce tana son ɗakin haihuwar Sabha, tana son matan da ke zuwa ba su da harshe, kuma ga Hajja. Sannan ta ce:

"Amma ina da uwa a Damagaram, ya mudira. Tana tsufa. In tana so na, zan gama in tafi wurinta, ko ba su ɗauke ni ba saboda na faɗi haka. Sai dai ban sani ba. An gaya mini al'ada ce, kunya ce, na yarda. Amma ni ban taɓa ji daga bakinta ba."

Ga abin da na yi shekaru ina roƙon Allah an ajiye mini a kan kwando. Kalma ɗaya zan ce, ta dawo gida, in tsufa ina jin motsinta a tsakar gidana. Wallahi na so in ce. Sai yarinyar Kance ta faɗo mini a rai, da hannunta a ƙarfen benci, da kuma tsohuwar da ke gefena tana laluben kofi. Na gyara tabarau na ce:

"Na san uwar taki. Tare muka yi aiki. Duk shekarun da ta yi tana koyarwa, mai zafin hannu ce, amma ba ta taɓa dukan wata mai sunanki ba, har yara suka gane, in an yi laifi sai a tura mai sunan gaba. Kullum ta dafa miyar kuka sai ta ce da wance na nan. Tana son ki, tun ranar da motar ta tashi ba ta daina ba. Ta ce kuma in gaya miki, son da take miki bai kai ta raba ki da matan barandar nan ba. Ki zauna. In kin samu hutu ki je ta gan ki."

Yarinyar ta ture kwandon ta kifa kanta a cinyata, dabino ya watse. Wannan karon ban sandare ba, hannuna da kansa ya sami bayanta. Hajja ta share ido da gefen mayafi ta ce a ba ta tabaranta, mudira ta sa shayi ya ƙone.

Ranar muƙabala na zauna a benci a waje ina jan carbi. Da ta fito ta ce sun yi tambayar kuwa. Ta ce musu a nan za ta zauna, a ɗakin haihuwa, tana kuma son ta koya wa ma'aikatan jinya 'yan kalmomin Hausa da za su riƙa kwantar wa mata hankali da su, in da hali kuma duk shekara ta je Damagaram ta yi aiki na ɗan lokaci. Wani dattijo a cikinsu ya tambaye ta ko ta tabbata, don da yawa sun faɗi haka sun tafi. Ta ce masa ta tabbata, uwarta ce ta keto hamada ta zo ta ba ta izini. Suka ce za a ji sakamako daga baya.

Ban jira ba, Mamman na ta waya. Na biyo Adamu muka juyo, da buhun dabinon Zigan da sabon takalmi, silifas ɗin Malam Tasi'u kuma na cikin jakata har yanzu. Dawowa ta fi zuwa tsawo, don kujerar gefena wani mai barci ne ya samu, kuma na san abin da na baro na baro shi ke nan.

Ran nan da yamma Hajiya Zinaru da wasu mata suna gidana, ana cin ragowar dabinon, sai waya ta yi ƙara. Na ga lambar Libiya. Tun kafin in yi magana na ji guɗar Hajja Mabruka daga can, na san an ɗauke ta. Daɗi ya kama ni, amma ba daɗi zalla ba, don yanzu ta tabbata ta Sabha ce. Na ce, "Halima, Allah Ya yi miki albarka. Halima, kin ci abinci kuwa?"

Zinaru ta riƙe haɓa, ƙwallon dabino a bakinta, ta ce, "Rabi, 'yar farin?"

Na rufe bakin wayar da hannu na ce mata ai dama ta ce na ɓoye wani abu, to ga shi nan ta ji. Sannan na mai da wayar kunnena, don Halima na can tana cewa in sake faɗa, layin bai fita sosai ba. Layin lafiyarsa lau, na sani. Na sake faɗa.